Tambayoyi da Amsoshi Kan Aikin Masu Agajin Gaggawa na Lafiya

Yawancinmu ta jiniya muka san masu agajin gaggawa. Mota ta wuce a guje, a yi wa na ciki fatan samun sauƙi, kowa ya koma harkarsa. Sai ranar da abin ya faɗo kan mutum, mahaifinsa ya yanke jiki ya faɗi ko ɗansa ya daina numfashi, sannan tambayoyi su taso masa gaba ɗaya, a lokacin da babu sararin yinsu. Dokoki da tsari sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma ginshiƙin aikin ɗaya ne a ko'ina.

Mene ne aikinsu ban da kai mara lafiya asibiti?

Kai mutum asibiti kashi ɗaya ne kawai cikin shida. Wanda ya lura da jikin motar asibiti a ƙasashe da dama zai ga wata shuɗiyar tauraruwa mai reshe shida, da sanda a tsakiya maciji ya naɗe ta. Kowane reshe mataki ne: a gane cewa wani yana cikin mawuyacin hali, a sanar, a tura masu agaji, a fara yi masa magani a inda yake, a ci gaba da kula da shi a hanya, sannan a damƙa shi ga asibitin da zai iya da matsalarsa. Matakai biyun farko ba a hannun ma'aikaci suke ba, suna hannun wanda ke tsaye a wurin lokacin da abin ya faru.

Hukumar da ke wannan aiki a yanki tana iya zama ta gwamnati, ko ta kasance ƙarƙashin 'yan kwana-kwana, ko asibiti, ko ƙungiyar sa-kai irin Red Cross da Red Crescent. Ko ta wace ce, nauyin da ke kanta shi ne a kowace sa'a, dare ko rana, a samu mai ɗaga waya, a samu mota da ma'aikata cikin shirin ko-ta-kwana. Haka kuma ita ke ɗaukar majinyacin da jikinsa ya tsananta daga ƙaramin asibiti zuwa babba, ta girke ma'aikata a filayen wasa da manyan taruka, ta shirya wa ambaliya da gobara da rushewar gini tun kafin su auku, ta kuma koya wa jama'a taimakon farko.

Tun yaushe aka fara wannan tsari?

A fagen fama aka haife shi. A shekarun 1790 wani likitan tiyata na sojojin Faransa, Dominique Jean Larrey, ya ga yadda ake barin waɗanda suka ji rauni kwance har sai an gama yaƙi, da yawa jini ya ƙare musu kafin a waiwaye su. Sai ya ƙirƙiro kekunan doki marasa nauyi da ke shiga su kwaso su ana tsaka da gumurzu. Shi ne kuma ya kafa ƙa'idar a fara da wanda rauninsa ya fi muni, ba tare da duba muƙaminsa ba.

Amma a rayuwar farar hula an daɗe motar asibiti ba ta wuce abin sufuri ba. A 1966 wani rahoto na Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa a Amurka ya nuna cewa kusan rabin aikin ɗaukar marasa lafiya a ƙasar masu shirya jana'iza ne ke yinsa, saboda su ke da doguwar motar da mutum zai iya kwanciya a ciki. A wannan shekara ce Frank Pantridge, likitan zuciya a Belfast, ya sanya na'urar farfaɗo da zuciya a mota ya kai ta wurin majinyaci maimakon jiran a kawo shi. A 1967 aka kafa Freedom House a birnin Pittsburgh, inda Peter Safar ya horar da baƙaƙen fata daga wata unguwar talakawa suka zama cikin ƙwararrun masu agaji na farko a Amurka. Daga wannan zamani ne tunani ya juya: a kai wa mutum magani inda ya faɗi.

Wace lamba zan kira?

Ya danganta da ƙasar da kake. Landan ce ta fara da 999 a 1937, Amurka ta fara amfani da 911 a 1968, ƙasashen Tarayyar Turai suka amince da 112 a 1991, kuma wannan ta ƙarshe tana aiki a wasu ƙasashe da yawa a wajen Turai. Ka nemi ta yankinka tun kana zaune lafiya, ka adana ta a waya, ka koya wa yaran gida.

Me ya sa mai karɓar kira yake ta jero tambayoyi alhali ina cewa a turo mota?

Wannan shi ne abin da ya fi ƙona wa masu kira rai, kuma ana iya fahimtar dalili. Mutum yana kallon ɗan'uwansa rai a hannun Allah, wani kuma yana tambayarsa shekarunsa nawa. To amma a cibiyoyi da yawa, da zarar an samu adireshi aka kuma ji cewa abin na rai ne, an riga an tura mota ta rediyo ko ta kwamfuta tun kana kan magana. Tambayoyin ba sa tsayar da ita.

Tambaya ta farko a wurare da yawa ita ce ina kake, domin idan waya ta katse ko caji ya ƙare, wannan kaɗai ya isa a zo. Ka faɗi sunan titi da lambar gida, ka ƙara da wata alama da baƙo zai gane cikin duhu. Idan a babbar hanya ne, ka faɗi inda kuka fito da inda kuka nufa da garin ƙarshe da kuka wuce. Daga nan sai tambayoyi biyu da suka fi kowanne nauyi: yana cikin hayyacinsa? Yana numfashi daidai? Da amsarsu ake gane ko zuciya ta tsaya. Sauran tambayoyin su ke nuna irin motar da za a turo, da ko ana bukatar 'yan sanda ko 'yan kwana-kwana, da matsayin kiranka a cikin sauran kiraye-kirayen da ke jira.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne mai karɓar kira shi ne ma'aikacin agaji na farko da ya iso gare ka, ta murya. An horar da shi ya koya maka danna ƙirji yana ƙirga maka, ya gaya maka yadda za ka tsayar da jini, ya bi da kai mataki-mataki idan haihuwa ta zo kafin mota. Saboda haka ka buɗe lasifikar waya, ka ajiye ta kusa da majinyacin, kada ka kashe sai ya ce ka kashe.

Yaushe ya kamata a kira, yaushe kuma bai kamata ba?

A kira idan mutum ya suma bai farfaɗo ba, ko numfashi yana yi masa wuya har ba ya iya haɗa magana, ko ƙirjinsa yana ciwo kamar an ɗora masa dutse, musamman in ciwon yana tafiya hannu ko muƙamuƙi tare da zufa. A kira idan baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta harɗe, domin alamun shanyewar ɓarin jiki ke nan. Haka zubar jinin da ya ƙi tsayawa, farfaɗiyar da ta wuce minti 5, babbar ƙuna, faɗowa daga sama, shan guba, kumburin fuska da maƙogwaro bayan harbin ƙudan zuma ko shan wani magani, da mai ciki da ke zubar da jini ko jijjiga.

Ciwon haƙori, mura, ƙaramin yanka, ciwon bayan da ya yi wata uku: waɗannan na asibitin kusa ne. Motar da ta tafi wurinsu ba ta nan lokacin da wani ya faɗi a ɗaya gefen gari. Kuma zuwa a motar asibiti ba ya sa a ga mutum da wuri, domin a sashen gaggawa tsananin ciwo ake dubawa, ba abin da ya kawo ka ba. Idan kuwa kana kokwanto, ka kira. Tantancewar aikinsu ne.

Me zan yi kafin su iso?

A ganina duk cikin tambayoyin nan babu wadda ta kai wannan. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 ba tare da iskar oksijin ba, kuma duk mintin da ya wuce zuciya na tsaye ba a yi komai ba, damar rayuwa tana raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. Ko a biranen da suka fi kowa tsari, da wuya mota ta iso cikin minti 4. Waɗannan mintuna na farko naka ne.

Fara da duba wurin. Wayar lantarki da ta faɗo, hayaƙi, motocin da ke tahowa a guje: kada mai ceto ya zama majinyaci na biyu.

Idan mutum ba ya amsawa kuma ba ya numfashi daidai, ka kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ka ɗora tafin hannunka a tsakiyar ƙirjinsa, ka ɗora ɗaya hannun a kan na farkon, ka miƙe gwiwar hannu, ka riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Ka bar ƙirjin ya dawo daidai bayan kowace dannawa. Wanda ya samu horo yana hura iska sau 2 bayan kowace dannawa 30. Wanda bai samu ba ya ci gaba da dannawa kawai. Aikin yana da gajiyarwa, don haka ku riƙa karɓeɓeniya duk minti 2. Akwai wani abu da ke ruɗar mutane: wanda zuciyarsa ta tsaya yakan yi wani numfashi na kakari jefi-jefi, kamar minshari, sai a ce ai yana numfashi, a tsaya jira. Wannan ba numfashi ba ne, a fara dannawa. Haƙarƙari yana iya karyewa, ba komai, yana warkewa. Idan akwai akwatin da aka rubuta wa AED a kusa, wato na'urar farfaɗo da zuciya da lantarki, kamar yadda ake rataye su a filayen jirgin sama da manyan gine-gine, a ɗauko a kunna. Na'urar da kanta take faɗin abin da za a yi, kuma ba ta sakin lantarki sai ta auna ta ga zuciyar na bukata.

Idan yana numfashi amma ba ya cikin hayyacinsa, a juya shi ya kwanta ta gefe, don kada harshe ko amai su toshe masa hanyar iska. Kada a ɗura masa ruwa, huhu zai tafi.

Jini kuwa dannawa yake so. Ka sa tsumma mai tsabta a bakin raunin ka danne da ƙarfi, kada ka riƙa ɗagawa kana leƙawa. In ya jiƙe ka ƙara wani a kai. Idan jinin yana tsartuwa daga hannu ko ƙafa ya ƙi tsayawa, a ɗaure hannun ko ƙafar da ƙyalle mai faɗi a sama da raunin, ta ɓangaren gangar jiki, a murɗa shi da sanda har jinin ya tsaya, a rubuta lokacin da aka ɗaure, kada a kwance. Wuƙa ko ƙarfen da ya soki mutum a bar shi inda yake, domin sau da yawa shi ya toshe jijiyar da ya yanka.

Mai farfaɗiya a kawar masa da abin da zai buge shi, a sa masa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a duba agogo. Kada a danne shi, kada a cusa masa komai a baki. Ƙuna a sakar mata ruwa mai sanyi na minti 20, ban da ƙanƙara, ban da shafa mai. Wanda ya yi haɗarin mota ko ya faɗo daga sama kuma yana kukan wuya ko baya, a bar shi yadda yake, a riƙe masa kai kada ya motsa, sai dai in wuta ko wani haɗari na shirin cim masa. Garin gyaran gira ake rasa ido: jawo mutum da ƙarfi daga mota yana iya tsinke lakarsa ya bar shi kwance har ƙarshen rayuwa.

Sannan ƙananan abubuwa masu ceton lokaci: a tura wani bakin titi ya tare motar, a buɗe ƙofa, a kunna fitila, a ɗaure kare, a haɗa magungunan da majinyacin ke sha wuri ɗaya.

Su wane ne ke zuwa a motar? Likitoci ne?

Akwai manyan tsare-tsare biyu a duniya. A Amurka da Birtaniya da Ostareliya da makamantansu, ƙwararrun ma'aikata ne da ake kira faramedik, tare da masu taimaka musu. Suna aiki da rubutattun ƙa'idojin da likitan hukumar ya amince da su, suna iya tuntuɓarsa ta waya. A Birtaniya da Ostareliya digirin jami'a ake yi kafin a zama faramedik. A Faransa da Jamus kuwa, idan kiran mai tsanani ne likita ne da kansa ke fita, a Faransa ma likita ne ke zaune a cibiyar karɓar kira yana yanke hukunci. A wurare da yawa nas ko jami'in lafiya ne da direban da ya koyi taimakon farko.

Matakin farko na horo ya ƙunshi danna ƙirji, ba da oksijin, tsayar da jini, tallafe karaya da karɓar haihuwa. Na sama ya haɗa da sa ƙarin ruwa, allurai, karanta awon zuciya da zura bututun numfashi.

Me ke cikin motar?

Tulun oksijin, jakar roba da ake matsawa a hura wa mutum iska, na'urar zuƙe jini da majina daga maƙogwaro, na'urar awon zuciya da farfaɗo da ita, abin awon jini da na suga, kayan ɗaure rauni, abin tallafe wuya da karaya, gadon ɗaukar majinyaci da kayan haihuwa. Magungunan ba su da yawa, amma kowanne na ranar tsanani ne: adirenalin don tsayawar zuciya da mummunan borin jini mai toshe numfashi, gulukos ga wanda sugansa ya faɗi, maganin shaƙa ga mai asma, maganin tsayar da farfaɗiya, da na rage raɗaɗi. A farkon kowane zubin aiki sai an bi su ɗaya bayan ɗaya an tabbatar tulun a cike yake, batir da caji, babu maganin da wa'adinsa ya wuce.

Me ya sa idan sun iso ba sa sunkutar mara lafiya nan take su ruga?

Saboda akwai abubuwan da ke kashe mutum kafin a kai ƙarshen titi. Suna da jerin da ba sa tsallakewa: zubar jini mai yawa, hanyar iska, numfashi, zagayawar jini, hayyaci. Duk inda suka ga matsala a nan suke gyara ta kafin su wuce gaba.

Tsawon zamansu ya danganta da ciwon. Wanda zuciyarsa ta tsaya ya fi samun dama idan an yi masa aiki a inda yake, domin danna ƙirji a mota mai gudu ko a kan matakalar bene ba ya yin kyau. Mai ciwon suga da ya suma saboda sugansa ya faɗi yakan farfaɗo a ɗakinsa cikin 'yan mintuna bayan an ba shi gulukos. Amma wanda aka soka a ciki yana zubar da jini ta ciki, babu abin da zai tsayar da shi sai ɗakin tiyata, don haka da shi ba a zama, a hanya ake yin sauran. Sanin wanda za a zauna da shi da wanda za a gudu da shi, nan ƙwarewar ma'aikaci take.

'Yan'uwa na iya taimakawa da abu biyu: su ba su fili, kuma mutum ɗaya da ya san tarihin majinyacin ya yi bayani.

Don me suka wuce asibitin da ya fi kusa?

Ba kowane asibiti ke iya kowane aiki ba. Mai shanyewar ɓarin jiki yana bukatar hoton ƙwaƙwalwa kafin a san ko toshewar jijiya ce ko fashewa, kuma maganin narkar da gudan jini yawanci cikin awa 4 da rabi daga fara alamun ake ba da shi. Shi ya sa za su dame ka da tambayar ƙarfe nawa aka gan shi lafiya lau na ƙarshe. Mai toshewar jijiyar zuciya yana bukatar inda ake zura siririn bututu a buɗe ta. Mai munanan raunuka yana bukatar inda likitan tiyata da jini suke a shirye. Idan aka sauke shi a inda babu waɗannan, sai an sake neman mota an sake tafiya, awa ɗaya ko biyu sun salwanta. Suna kuma kiran asibitin tun daga hanya, don su tarar ana jiransu a bakin ƙofa.

Me ke sa su jinkiri wani lokaci?

Ba bisa layin wanda ya fara kira ake tafiya ba. Ana rarraba kira gwargwadon tsanani, har mota tana iya kama hanyar gidanka a juya ta zuwa wurin yaron da ya daina numfashi. A Ingila, alal misali, burin da aka sa wa kira mafi tsanani shi ne matsakaicin minti 7, mai bi masa minti 18. Ga cunkoson hanya, ga adireshin da ba a gane ba, ga kiran ƙarya. Akwai kuma matsalar da ba a gani daga waje: idan sashen gaggawa ya cika babu gado, ma'aikata ba za su ajiye majinyaci a ƙasa su tafi ba, sai motar ta maƙale a ƙofar asibiti. Idan kana jira jikin majinyacin ya canza, ka sake kira ka faɗa, matsayin kiran zai canza.

Idan mutane da yawa suka ji rauni lokaci guda, wa ake fara dubawa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haɗuran hanya suna kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma sau da yawa haɗari ɗaya yakan bar mutum goma ko ashirin a kwance ga ma'aikata biyu. Motar da ta fara isowa ba magani take fara yi ba. Ɗaya yana kiran ƙarin taimako, ɗaya yana zagayawa yana tantancewa, bai fi minti ɗaya a kan kowa ba, yana rataya musu alama. Kore ga masu iya tafiya da ƙafarsu. Rawaya ga masu babban rauni da za su iya jira. Ja ga wanda zai mutu in ba a taimake shi yanzu ba. Baƙi ga wanda ya rasu, ko ba ya numfashi ko bayan an buɗe masa hanyar iska.

Abin yana da ciwo a ido, ka ga ma'aikaci ya wuce mai ihu ya durƙusa gaban wanda ya yi shiru. Amma mai ihu yana da iska a huhu da jini a ƙwaƙwalwa. Na shirun ne abin tsoro.

Mara lafiya yana da ikon ya ce ba zai je ba?

Baligi mai cikakken hankali, wanda ya fahimci abin da ke damunsa da abin da ƙin zuwa zai jawo, yana da wannan iko a yawancin ƙasashe, ko da ma'aikatan suna ganin kuskure yake yi. Nauyinsu shi ne su yi masa bayani ƙarara, su rubuta, su gaya masa alamun da in ya gani ya sake kira. Wanda ya suma ko ya ruɗe ana yi masa magani bisa ɗaukar cewa da yana iya magana da ya yarda. Sirrin majinyaci kuma amana ne a wuyansu kamar yadda yake a wuyan likita. Masu ɗaga waya suna ɗaukar hoton mutum a irin wannan hali su tuna cewa shi ma yana da iyali da mutunci.

Me ya kamata direba ya yi idan ya ji jiniya?

Ya duba madubi, ya sa sigina, ya raɓa gefe a natse ya tsaya. Kada ya taka birki kwatsam a tsakiyar hanya, kada ya tsaya a kwana ko kan gada inda ba za a iya wuce shi ba, kada ya bi bayan motar don ya amfana da hanyar da ta buɗe. Ya kuma jira kaɗan, sau da yawa wata na biye. Shi ma direban motar asibiti jiniya roƙon hanya ce gare shi, ba ta ɗauke masa alhaki ba, kuma mahaɗar hanya ce inda suka fi yin haɗari. Idan ka gan ta tana tafiya a hankali da fitila a kunne, mai yiwuwa ana yi wa wani aiki a baya, ko akwai mai karayar baya da ba ya son girgiza. Sauri kan haifi nawa.

Da an kai asibiti aikin ya ƙare?

Da saura. Sai sun yi wa nas ko likita bayani baki da baki: abin da ya faru, abin da suka tarar, awon da suka yi, maganin da suka ba da da lokacinsa. Su ne kaɗai suka ga fankon kwalbar magani a gefen gado, ko yadda sitiyari ya lanƙwashe, kuma irin wannan bayani yana canza abin da likita zai nema. Sannan a rubuta rahoto, a wanke mota da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a mayar da kayan da aka yi amfani da su, a sanar da cibiya cewa an shirya. Hukumar kirki tana komawa kan waɗannan rahotanni da muryoyin kiran da aka naɗa, ta ga inda aka yi daidai da inda aka makara.

Su kansu ma'aikatan wa ke kula da su?

Tambayar da ba a cika yi ba. Suna aikin awa 12 ko fiye, suna ɗaga nauyin da ke lalata baya, suna cuɗanya da jini da cututtuka masu yaɗuwa, wani lokaci su sha zagi ko duka daga waɗanda suka zo taimaka wa. Shi ya sa idan aka ce ana faɗa ko harbi a wuri, sukan tsaya nesa har 'yan sanda su iso; wannan ƙa'ida ce, ba tsoro ba. Akwai kuma abin da suke komawa gida da shi a zuci: yaron da ba a samu ceto ba, kukan uwarsa. Hakkin hukuma ne ta ba su hutu, allurar rigakafi, kayan kariya da wanda za su yi magana da shi bayan kira mai nauyi.

To inda babu motar asibiti ko tana da nisa fa?

Mutane masu ɗimbin yawa a duniya a wannan hali suke, kuma an gwada hanyoyin da suka yi aiki. A arewacin Iraƙi da Kambodiya, yankunan da nakiyoyin ƙasa suka addaba, an horar da ƙauyawa da ƙananan ma'aikatan lafiya buɗe hanyar iska da tsayar da jini, mace-macen masu rauni suka ragu ƙwarai. A Ghana an koya wa direbobin haya taimakon farko, tunda dama su ke kwasar waɗanda suka yi haɗari. A wasu wurare ana amfani da babur mai gado a gefe, ko jirgin ruwa.

Idan dole kai za ka kai mutum, ka tsayar da jini tukuna, ka tallafe karaya da katako ko kwali, ku ɗaga shi ku uku ko huɗu jikinsa a miƙe, ɗaya yana riƙe da kai. Wanda ba ya cikin hayyacinsa a kwantar da shi ta gefe, a rufa masa mayafi, wani ya zauna kusa yana lura da numfashinsa. A kira asibitin tun daga hanya a tabbatar za su iya karɓarsa.

Na danna lambar bisa kuskure, in kashe?

A'a. Ka tsaya a ɗaga, ka ce kuskure ne, kowa lafiya. Idan ka kashe, mai karɓar kira ba shi da hanyar sanin ko wani ne ya faɗi kafin ya iya magana, don haka zai sake kiranka, a wasu wuraren ma a turo a duba.